Jirgin Apo Yana Rataye

Tankari, kai ka bar jirgin tsohuwar nan rataye a sama yana bushewa. Kada ka ɗora wa 'yan sanda, kada ka ɗora wa Rabe yaron shagonka, kada ka ce haka Allah ya so. Kai ne. Kuma ba zan ce maka Alhaji ba, masu cin tuwon gidanka su ce. Ni yayar ubanka ce. A bayana ka yi fitsari har zanina ya koɗe, ni na zare maka ƙayar kifi daga maƙogwaro kana ɗan tatsitsi. Sunanka Tankari.

Na zo shagonka na benen kasuwar Tianxiu in yi magana, ka ce in bari baƙi su tashi. Baƙinka ba sa tashi. To ga ta a takarda, a karanta a gabansu. Ni ban iya rubutu ba, Harouna mutumin Gaya ne ke riƙe da biron, na kuma gaya masa in ya tausasa mini kalma ɗaya ya nemi mai dafa masa.

Bari in faro daga tushe saboda waɗanda ba su sani ba.

Bara waccan ka zo Yauri da mota mai sanyi. Ka ce kasuwa ta tashi daga Bangkok ta koma Guangzhou, kana so ka riƙa turo injinan jirgin ruwa, amma ba ka da wanda zai saurari inji ya gaya maka na kirki ne ko na banza. Ka ce kunnen mijina, Baba Maidaji, kaɗai ka yarda da shi. Sannan ka juyo gare ni ka ce alhazanka suna ramewa, sun gaji da taliya da shinkafa marar gishiri, Gwaggo Shatu ta zo ta tuƙa musu tuwo. Shekara ɗaya ko biyu, mu ga duniya mu koma. 'Ya'yanmu duk sun yi aure. Malam ya dube ni, na dube shi. Ya rufe rumfarsa ta bakin Kuwara, inda yake ƙera jirage yana gyara masu yoyo tun kafin a datse ruwa a Kainji, muka biyo ka.

Tun ranar da muka sauka ka raba mu. Ni ka kai ni can ƙololuwar bene a unguwar Xiaobei, ɗakin girkin da tagarsa ke kallon bangon wani gida. In na miƙa muciya sai ta taɓa shi. Shi ka kai shi sitonka can hanyar Nansha, ya riƙa tayar da injina a cikin duro. Ranar Juma'a kaɗai yake zuwa, ya yi salla da mutane, ya kwana, ya koma. Na haƙura. A bakin ruwa aka haife ni, a cikin jirgin babana na yi wayo, ga ni a garin da aka ce kogi ya ratsa ta tsakiyarsa, amma ruwan da nake gani na famfo ne. Nan ma na haƙura.

Wata Juma'a na ajiye masa tuwo da miyar kuka, ya yi loma biyu ya tsame hannu.

Na ce, "Gishiri ne ya yi yawa?"

Ya ce, "Shatu, akwai wata tsohuwa a bayan siton nan."

"Tsofaffi sun cika ƙasar nan. Ga ɗaya a gabanka."

"Ruwa take kwarfa daga jirginta. Tun asuba. Ta huta ta koma. Ina kwance ina jin gwangwanin yana kartar katako." Ya ture kwanon. "Ta baya yake yoyo. Ɓangaren hagu."

"Ka leƙa ne?"

"Ban leƙa ba. Ji na yi."

Na san mijina. Mutumin da ya taɓa tashi daga wurin ɗaurin auren ƙaninsa don an ce jirgin wani yana shan ruwa. Na ce ya ƙarasa tuwonsa dai, in ya so gobe ya je ya leƙa.

Ya leƙa. Jirgin katako ne, dogo, mai rumfar gora a tsakiya, kuma shi ne gidanta. A cikinsa take girki, a cikinsa take kwana. Maƙwabtanta na ruwa duk sun koma gidajen tudu, ita ta ƙi. Gyaran ba na tsaye-tsaye ba ne, sai an ɗaga jirgin gaba ɗaya an shiga ƙarƙashinsa. A gida samari ashirin za a kira su ja shi kan yashi su karkata shi. Nan babu samari, babu yashi, sai laka mai haɗiye mutum har cinya. Malam ya ce to zai ƙera abin ɗagawa.

Ya zo ya same ka. Harouna yana wurin, ga shi nan yana gyaɗa kai. Ka ce, "Baba, ka yi duk abin da zai ɗebe maka kewa. Ƙarafan bayan siton nan ma sun dame ni." Kai da bakinka. Ka kuma ce akwai cembulok huɗu, sarƙoƙin nan masu gargare da makanikai ke ɗaga inji da su, na wani alhajin Kano ne da kwantenarsa ba ta cika ba, ya ɗauka ya yi aiki da su. Ba sata ya yi ba. Ba a ɓoye ya yi ba.

Ya fara tsince-tsince. Ya yanko ginshiƙan wata ruɓaɓɓiyar kwantena, su ne ƙafafu huɗu. Ya samo guntayen ƙarfen dogo wurin wani ɗan gwangwan, su ne na sama. Ƙarafan gadajen leburori, bututun ruwa, wata ƙofar ƙarfe da ba a san ta ina ba ce. Majanyin da zai goyi jirgin kuwa, tsohon tiyon 'yan kwana-kwana ya ninka ya ɗinke da waya. Duk Juma'a sai ya zo da sabon ƙuna a hannu, da rigar da tartsatsin walda ya huhhuje, yana cin tuwo kwano biyu. Tunda muka zo ƙasar nan ban ga ya nemi ƙari ba sai lokacin.

Wata Lahadi na ce sai na gani da idona. Harouna ya raka ni a bas. Muna zagayawa bayan sito, tun kafin in ga ruwan, warin laka ya buge ni. Laka da kifi da jiƙaƙƙen katako. Sai da na dafa bango. Harouna ya ce, "Inna, lafiya?" Na ce ya wuce gaba, duwatsu ne a takalmina.

Tsohuwar tana zaune a gaban jirginta, 'yar mitsitsiya, da baƙin wando da faffaɗar malfa. Harouna ya ce a nan Apo ake ce wa kowace tsohuwa, sai muka riƙe shi ya zama sunanta. Yarenta ba irin wanda ya koya a kasuwa ba ne, in ta yi magana goma biyu yake kamawa. Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta dubi tafin hannuna, ta juya nata ta nuna mini. Kantar hannunmu iri ɗaya, ta igiya da ƙayar kifi. Shi ke nan gaisuwarmu.

A ranar ne kunya ta kama Malam, kuma zan faɗa don kada ka ce na ɓoye laifin nawa.

A wurinmu sau biyu Kuwara ke cikowa a shekara, farin ruwa da baƙin ruwa, kowane yaro ya san lokacinsu. Nan sau biyu ruwa ke zuwa a yini ɗaya, ya koma. Malam ya ga haka ya ce ai madatsa ce a sama, suna buɗe ƙofa suna rufewa, irin ta Kainji. Sai ya yi abin da ake yi a gida. Ya kafa sanda a laka, ya yi 'yan kwanaki yana duba inda ruwa ke tsayawa, ya yi tsaga a wurin. Ya ɗan hau sama da tsagar ya ce nan ruwa ba ya zuwa. A nan ya kafa ƙafafun, a nan ya ajiye injin walda kan katako. Ya ce Apo ta yi ta jan rigarsa tana surutu, shi ya ɗauka godiya take yi.

Muka shiga sito muka yi azahar, muka ci abin da na ƙunso. Da muka fito babu sanda, babu katako, babu injin walda. Ƙafafun nan huɗu ne kawai a tsaye cikin ruwa har ƙugu, ga butar alwalar Malam tana tafiya abinta. Apo tana bisa jirginta tana dariya har tari ya sarƙe ta.

Malam ya ce, "Harouna, tambaye ta wa ya buɗe ƙofar yau."

Harouna ya yi ta fama. Ita kuwa ta nuna sama, ta yi da'ira da hannu biyu, ta kawo tafinta daidai wuya. Ta rage da'irar ta zama rabi, ta sauke tafin zuwa gwiwa. Maza biyu suna kallonta kamar shanu.

Na ce, "Wata take nufi. Yau sha huɗu ga wata."

Ta ƙirga mini a yatsu, na ƙirga mata, lissafinmu ya zo ɗaya. Ashe su ma da wata suke tafiya. Babban ruwa yana zuwa in wata ya cika da kuma in zai tsaya. Tsakaninsu ƙaramin ruwa ne, kuma a cikin ƙaramin Malam ya yi tsagarsa.

Da ruwa ya janye ya shiga laka ya tsamo kayansa. Ya kwance injin waldan ya shanya, sai da ya yi mako kafin ya tashi. Sannan ya tumɓuke ƙafafun ya kai su can sama, kusa da bangon sito. Na ce, "Malam, ka yi nisa." Ya ce ruwan nan ba zai sake yi masa dariya ba. Ya yi nisa kuwa. Inda ya kafa su, ƙaramin ruwa ko kusa ba ya zuwa. Sai babban ruwa, na wata, shi kaɗai ke shiga tsakanin ƙafafun har jirgi ya iya bi. Wannan kuskuren nasa ne, ban ɗora maka ba. Amma ka san da shi, don ya gaya maka. Ka san jirgin nan da ruwan wata zai shiga, da ruwan wata zai fita.

Ranar ɗagawa da hantsi ruwan ya zo. Apo ta turo jirgin da gora, a hankali, ya shiga tsakanin ƙafafun ya hau kan majanyin. Mutum huɗu, kowa da sarƙarsa: Malam, Harouna, Rabe, da ɗan gwangwan ɗin nan da ya zo kallo aka damƙa masa ɗaya. Malam yana ba da baki kamar ana jan taru, su kuma suna ja tare. Sarƙa tana kuka, ƙarfe yana kuka. Rabe ya ce, "Baba, in abin nan ya faɗo a kaina, ka gaya wa Alhaji ina bakin aiki." Malam ya ce, "Ja dai, kanka ya fi ƙarfen dogo tauri."

Jirgin ya bar ruwa. Ya tashi yana ɗiga, gindinsa duk gansakuka da ƙananan ƙwanso. Malam ya shiga ƙarƙashi ya kai hannu baya, ɓangaren hagu, babban yatsansa ya nutse cikin katako kamar cikin dafaffiyar kabewa. Ya juyo ya dube ni. Yabo yake jira, ni kuwa ban ba shi wannan daɗin ba.

Sai ya ɗaure majanyin a jikin ƙarfen sama da ƙusoshi masu kauri, don kada ya yi aiki a ƙarƙashin sarƙa. Cembulok ɗin suka zauna a rataye ba nauyi a kansu, suna jiran ranar saukewa. Apo da ta taka ƙasa sai ta kama zanina. Jiri take ji. Ƙasa ba ta motsi.

Daga nan duk Lahadi ina can. Ya cire ruɓaɓɓun katakai ya sa sababbi. Suka yi ta rigima kan abin toshe tsaga, shi yana son tsumma da kwalta, ita tana son nata, wani man itace da farar ƙasa da take kirɓawa a turmi. Ba ya jin yarenta, ba ta jin nasa, amma sun yi faɗa kamar wa da ƙanwa. A ƙarshe ta cusa nata, shi ya bi da gwangwani da ƙananan ƙusoshi irin na Yauri. Ni ina gefe ina soya kifin da ta kamo da fatsa. Wanda ya rage nakan kawo gida. Ka ci, Tankari. Ka ce, "Gwaggo, wannan kifin daga ina?"

Wata rana Apo ta nuna jirgin, ta nuna ni, ta nuna Malam, ta miƙa hannu kudu, inda kogin ke buɗewa. Harouna ya ce wai in an sauke za ta kai mu bakin teku. Ban taɓa ganin teku ba sai ta tagar jirgin sama, shi ma gajimare ya rufe. Amma ba tekun ne ya dame ni ba. So nake in zauna a gaban jirgi, in sa hannu a ruwa, in ji Malam a bayana yana tuƙi. Rabona da haka tun shekarar da ya ɗauke ni muka fita tsakiyar tafkin Kainji, ya ɗaga filafili, jirgin ya tsaya cak, ya ce, "Nan ne gidanku da ruwa ya cinye. Ga inda tsamiyar take." Na leƙa ban ga komai ba sai fuskata. Muka daɗe a wurin. Tun daga ranar da Apo ta miƙa hannun nan, in ina tuƙa tuwon alhazanka bangon nake kallo, amma ruwa nake gani.

Aiki ya ƙare, saura fenti ya bushe, wata yana dab da tsayawa. Sai 'yan sanda suka biyo ta sitonka suka tambayi wane ne baƙin mutumin da ke hura wuta a bakin ruwa. Washegari ka kira Malam ka ce bizarsa tana son sabuntawa, ya bi Rabe Hong Kong, yau a je gobe a dawo. Ya jera kayan aikinsa a ƙarƙashin jirgin. Ya bar hularsa ta aiki a kan ƙusa. Ya nuna wa Apo da hannu: barci ɗaya. Ni ko sallama ba mu yi ta kirki ba, ina kan wuta, ya leƙo ya ce in ajiye masa ƙanzo.

Rabe ya dawo shi kaɗai. Ya kasa haɗa ido da ni. Sai da na riƙe masa kwano na hana shi, sannan ya ce tikitin Legas ka ba shi a ambulan, a can filin jirgi ya miƙa wa Baba. Ya ce Baba ya daɗe yana juya takardar, sannan ya tambaya, "To wa zai riƙe sarƙa ta huɗu?"

Ba a kai ga wannan ba. Cikin makon ka aiki leburori suka kwance cembulok ɗin huɗu, aka jefa a kwantena. Ka sa kwaɗo a ƙofar baya. Ka ce duk wanda ke zaune da takardar kamfaninka kada ka sake ganinsa a bakin ruwan nan. Harouna da takardarka yake zaune. Ya san abin da rubutun nan zai iya jawo masa, ga shi yana yi.

Na hau Tianxiu na same ka kana waya.

"Gwaggo, takardar Baba ta mutu. In aka kama shi ɗaure shi za a yi, ni a rufe mini shago."

"Me ya hana ka gaya masa?"

"Da na gaya masa, zai tafi?"

Ba zai tafi ba. Wannan gaskiyarka ce, na ba ka.

Na ce, "Safiya ɗaya ta rage. Ruwa ɗaya."

"'Yan sanda ba sa duba wata, Gwaggo."

"Sarƙoƙin fa?"

"Kayan mutane ne. Suna kan teku."

"Nemo wasu."

"Haba Gwaggo. Matar nan ba danginmu ba ce, ba addininmu ɗaya ba, ko sunanta ba ki sani ba."

"Ka san sunan kifinta da kake tsotsar ƙashinsa?"

Wani alhaji a kan kujera ya yi dariya. Ka ce, "In sha Allahu, in an samu sarari." Ka mayar da waya kunne.

A ranar na kife tukunya. Tana nan a kife. Alhaji Babayo ya biyo ni har ƙofar ɗaki yana cewa, "Hajiya, mu me muka yi? Cikina ya zama gidan taliya." Na ce ya je ya tambayi lawban ɗinsa, wato maigidansa, tunda haka 'yan ƙasar ke kiranka kana jin daɗi.

Kada ka ce zama na yi. Na shiga kasuwar ƙarfe ni kaɗai, na yi ta kwatanta jan sarƙa da hannu. Wani ya ce meyo, wato babu, wani ma ya ce meyo, wani ya kawo mini sarƙar kare. Ko da na samu, ni da Apo ba za mu zama mutum huɗu ba. Ɗanta ya zo daga masana'antar da yake aiki, ya zagaya jirgin, ya yi ta yi mata tsawa. Ba sai an fassara mini ba. Daɗi ya ji. Gara jirgin ya ruɓe a sama, ta haƙura ta koma tudu. Ɗan gwangwan kuma ya fara zuwa yana ƙwanƙwasa ƙafafun yana auna su da ido.

Kai ɗan Yauri ne, ko ka manta? Jirgin katako ruwa ne ke riƙe shi. In ya daɗe a waje sai katakan su tsuke, tsaga ta buɗe. Ga zafin garin nan. Da farko in na tsaya a ƙarƙashi duhu ne. Sannan na fara ganin haske kamar zare. Yanzu akwai wurin da farcena ke shiga. Abin toshin da suka yi ta faɗa a kansa yana zubowa gari-gari. Kullum sai na hau bas, na bi ta bayan gonakin ayaba tunda ka kulle ƙofa. Mu jiƙa buhuna mu shimfiɗa a ciki. In ruwa ya janye sai mu bi shi cikin laka da bokiti, tsofaffi biyu, muna zamewa muna zagin juna kowa da yarensa. Kafin mu dawo da na biyu na farko ya bushe.

Har yanzu a ciki take kwana, da tsani take hawa. Amma ba ta barci. Idanunta sun faɗa. Na daɗe ban gane ba, sai wata rana da azahar ina jingine da gindin jirgin, na tura shi ba da niyya ba, ya ɗan yi lilo a cikin majanyinsa. Na ji surutunta ya tsaya. Na sake turawa. Can sai minshari. Tun ranar, in mun gama ɗiban ruwa, sai ta hau ta kwanta, ni in tsaya a ƙasa ina tura jirgi da kafaɗa, a hankali, yadda Kuwara ke yi in iska ba ta da ƙarfi. Ina tsaye ga hular Malam a kan ƙusa daidai fuskata. Ban taɓa ta ba. In babban ruwa ya zo yakan shigo har ƙarƙashin jirgin, ya rufe mini gwiwa, ya tsaya yana jira. Tsakaninsa da katako bai fi kamu biyu ba. Sai ya gaji ya koma. Mun ga haka ya fi a ƙirga.

Makon jiya wani ɗan Kano ya kawo mini kaset daga Malam. Na ari rediyon Harouna na tafi da shi can, na kunna a ƙarƙashin jirgin. Muryarsa ta ƙara tsufa. Ya gaishe ni, ya gaishe ka, har da kai, ya ce Allah ya yi maka albarka. Ya ce ya buɗe rumfa amma hannunsa bai koma ba. Bayan muryar ina jin ruwa yana dukan gaɓa, da wata mata tana kiran ɗanta, na san ma ko wace ce. Sai ya ce a gaya wa Harouna gaba da baya tare ake saukewa, kada wani ya riga wani. Ya ce in jirgin ya taɓa ruwa kada a kwance majanyi nan take, a bar shi ya sha ya kumbura. Ya ce, "Shatu, na san an sauke tuni, surutu kawai nake. Ya yi yoyo? Kun je tekun? Ki gaya mini yadda yake. A gaba kika zauna?"

Apo ba ta ji ko kalma ɗaya ba, amma ta san muryar. Ta sauko ta tsuguna gaban rediyon, da ya ƙare ta nuna in mayar. Muka ji har batir ya mutu.

Ɗan Kanon zai koma, ya ce in ba shi amsa. Na sayi sabon kaset. Na danna maɓallin ɗaukar murya, na ce salamu alaikum, na kashe. Me zan ce masa? Ban taɓa yi wa mutumin nan ƙarya ba, kuma ba zan iya gaya masa aikin hannunsa yana tsagewa a sama ba, da matar da ta ba shi amanar gidanta a ciki, tana jiran barci ɗayan da ya ce.

Na ji kana cewa za ka sayo mini tikiti in bi shi. Ina so. Allah ya sani ina so. Amma ba zan sauka Yauri in dubi idonsa da wannan labarin ba.

Saboda haka ka saurara. Wata ya kusa cika. Ka nemo cembulok huɗu, saye ko aro, ba ruwana. Ka buɗe ƙofar baya. Ka zo da Rabe da Harouna da duk alhajin da ke kewar tuwo, kai kuma ka tuɓe takalman nan masu ƙyalli, ka naɗe wando, ka shiga laka ka riƙe sarƙa ta huɗu. In katakon ya riga ya lalace, ka tsaya gaban Apo ka dube ta, Harouna ya fassara iyakar iyawarsa. Kafin nan, ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, zan zo shagonka da rediyo da sabon kaset ɗin. A gaban baƙinka zan danna maɓallin ɗauka. Malam ya yi tambaya, Tankari, kuma kai za ka amsa masa da bakinka.